Ranƙwashin da Na Sa Aka Yi Masa

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Maikujera. Karatuna bai yi nisa ba, abin da aka yi mini ina yaro shi na maimaita. In na yi tambaya, duk wanda ya kasa sai ya tsaya tsaye, wanda ya ci kuma ya bi su da ranƙwashi. Wai hakan na sa yara himma.

A aji uku akwai wani yaro, ɗan manomin albasa. Littafinsa tsaf, lissafinsa daidai. Amma da na nuna shi, sai ya riƙe gefen benci, ko ya yi magana ba a ji.

Wata Talata na tambayi bakwai sau shida. Da idona na ga ya raɗa wa na kusa da shi amsar. Duk da haka shi na tsayar. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, na daka masa tsawa.

"Mi kac ce? Ɗaga murya! Ko bebe aka kawo muna?"

Aji ya kwashe da dariya. Na kusa da shi ya ce arba'in da biyu, na ce ya ranƙwashe shi. Ya yi kuwa, mai ƙara.

Bayan sati biyu uban ya zo, wai yaron kullum da safe ciwon ciki. Na ce, "Wanga ba shi da kan boko, kai shi gona." Ya yarda, tunda malam ne ya faɗa.

Yanzu jikata ce mai irin wannan tsoro. Malamarta, wadda na haifi kamarta, takan durƙusa kusa da ita ta ce, "Raɗa mini a kunne." Daga baya ta sa ta faɗa wa ƙawarta, sannan mutum uku. Zango guda, yarinya ta fara ɗaga hannu. Iyakar abin ke nan, ni kuwa ban taɓa durƙusawa ba.

Bara na nemi tsohon ɗalibin nawa a kasuwar Achida, na same shi cikin buhunan albasa. Na roƙi gafara.

"Haba Malam, na yahe. Ai ya wuce."

Na tambaye shi ko yaransa na makaranta.

"Na sa babban. Shi ma bakinai da nauyi, irin nau. Na hidda shi tun kahin malammai su gane."