Kwat ɗin da Ottilie Ta Ƙi Rinawa

Ottilie Brandhorst ƙawata ce tun muna 'yan mata a masaƙar bakin kogin Wupper. Ni ina wajen saƙa, ita tana wajen rini. Ko ranar aurenta farcenta shuɗi ne. Mijinta Ewald mai gyaran takalma ne, bakinsa ba ya shiru da barkwanci. Ana tsakiyar yaƙi ya yi wa gwamnati ba'a a layin burodi, Herr Kuhlmey, ɗan jam'iyyar da ke sa ido a unguwarmu, ya kai ƙararsa. Aka tafi da Ewald, ba a dawo da shi ba.

Da aka ci mu da yaƙi, sojan Ingila suka kafa doka: kada a ƙara ganin kowa da kayan soja ko na jam'iyya sai an sauya musu launi. Tufa kuwa babu a kasuwa. Sai Ottilie ta ɗora tukunyar wanki a ɗakin ƙasa na gidanmu, wanda bom ya cinye rabinsa, tana dafa ɓawon itace da tsatsar ƙusa tana rini. Samarin da suka dawo da ƙafa ɗaya kyauta take yi musu. Manyan kuma, waɗanda jiya suke ɗaga hannu suna ihu har jijiyar wuya ta fito, suka riƙa sulalowa da ƙunshi a hammata, kowa na rantsuwa shi bai taɓa yarda da komai ba.

"Minna," ta ce da ni, "ashe mutum ɗaya ne ya yi yaƙin nan, shi ma ya mutu."

Sanyin shekara ta biyu ya zo da mugunta, kwal ya yi wuya, tari ya kama ta. A lokacin ne Kuhlmey ya sauko mana da kwat ɗinsa na jam'iyya mai ruwan ƙasa, da buhun kwal a kafaɗa.

"Maƙwabciya, baƙi nake so, baƙi wuluk. Abin da ya wuce ya wuce. Duk yaudararmu aka yi."

"Wayyo, bawan Allah! Wa ya ɗauki ƙafafunka ya kai ka wurin 'yan sanda?"

"Frau Brandhorst, ina da iyali."

"Da ni ma ina da shi."

Na ja ta gefe. "Tilli, don Allah karɓi kwal ɗin. In kina so ki tofa miyau a tukunyar, amma karɓi."

Ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce, "Shi ya zaɓi kalarsa. Ya sa abarsa."

Ya ɗauki buhunsa ya fita. Surukarsa ta dama masa baƙin tukunya da tawada ta rina masa. Kafin wata ya ƙare, sabuwar hukumar gari ta ga mutum kamili cikin baƙin kwat, ta ba shi rabon kwal na unguwa. Daga nan amalanken kwal ya riƙa wuce ƙofarmu.

Muka ƙona kujeru, muka ƙona ƙofar kabad. A ƙarshe da hannunta ta jefa itatuwan gwajin takalman Ewald a murhu. Ta rasu kafin ƙanƙara ta narke.

Ranar binne ta Kuhlmey ya zo, har da jawabi kan wahalar da al'ummarmu ta sha. Yana cikin magana aka sako ruwa. Baƙin ruwa ya riƙa ɗiga daga hannun kwat ɗin, kafaɗun suka koma ruwan ƙasa, shatin ƙyallen jam'iyya ya fito sarai a damtsensa. Rabin masu tsayuwar suna ta jan nasu kwat ɗin ƙarƙashin lema.

Ni na yi mata wanka. Baƙin hannunta bai fita ba, ban kuma dirje shi ba. Har yau ina jin haushinta kan buhun nan, Tilli tawa mai taurin kai.