Allurar da Ba Ta Huda Gwiwar Baba Ba

Lokacin da gwiwa ta hana Baba zuwa kasuwar goro, ƙanwata tana shekararta ta ƙarshe a karatun gashin ƙashi. Ni na riga na yi aure, amma kullum bayan La'asar ina gidanmu na unguwar Asawase. Nakan tarar da ita a gindin mangwaro da kwamfuta a cinya, tana tsaki.

Aikin da aka ba ta shi ne karanta rahotannin gwajin allurar Sin, waɗannan siraran alluran da ake kakkafa wa mutum don ciwon jiki. A irin gwajin, wasu ake yi musu ta gaske, wasu ta kwaikwayo, sannan a kwatanta.

"Yaya, duba," in ji ta. "Sun ce sun yi ta kwaikwayo, shi ke nan. Wace iri? Ta huda fata ko ba ta huda ba? Mutanen sun gane ko ba su gane ba? Shiru."

Baba yana kan tabarma da amininsa, wani tsohon wanzami Badagombe da ya yi masa ƙaho tun kafin a haife mu. Wanzamin ya ce sam, ba a yi allurar da za ta ruɗe shi ba.

Washegari ta aro allurai biyu daga wurin malamarta, ta gaske da ta kwaikwayo. Ido ba ya raba su, sai dai ɗaya bakinta dakusasshe ne, in an danna sai ta koma cikin mariƙinta ta tsaya a kan ɗan filasta. Ta nuna musu dalla-dalla. Baba ya naɗe wando ya ce a gwada a kansa.

"Baba, ban kai ga yi wa mutum ta gaske ba tukuna," ta ce.

Bai saurara ba, shi dai a yi. Na riƙe zanen Mama tsakaninsa da ƙafarsa, ƙanwata ta goge wurin da auduga, ta danna. Ya ja numfashi.

"Ta shiga! Ina jin ta har idon sawu."

Wanzamin ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, ya ɗago ya ce wallahi ta shiga, ai ga fatar ta lotsa. Da ta cire, Baba ya miƙe ya taka har bakin famfo ba sanda. Mama ta fito daga kicin da muciya a hannu tana salati.

Sai ƙanwata ta danna allurar a tafin hannunta, kowa ya ga ta koma ciki. Baba ya ɓata rai, ya ce yarinya ta mai da shi abin wasa a gaban baƙo. Ta durƙusa ta ce ai ta faɗa masa tun farko. Ya dubi wanzamin, wanzamin ya kau da kai. Dariyar da suka yi sai da maƙwabciyarmu Ba'asantiya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko an yi haihuwa ne.

Da gari ya waye ciwon ya dawo. Ƙanwata ta sama masa wani ƙaramin asibiti wajen Atonsu inda ake yin ta gaske, ni nake raka shi a motar haya ta trotro. Duk zuwa sai ya ce wa likitan, "Ɗana, bari in ga bakinta tukuna."

Gwiwar ba ta warke duka ba, a kan kujera ya ci gaba da salla har Allah Ya karɓi abinSa. Amma ranar asibiti tun Asuba yake sa babbar riga, don a hanyar dawowa mukan sauka a kasuwar Race Course. Tsofaffin abokan cinikinsa su ba shi benci, a fasa farin goro, ni kuma in zauna gefe da jakata ina jira, wani lokaci har a kira Azahar.