Ranar da Baba Ya Sa Riga Tsanwa

Ni dai tela ce, kuma da keken ɗinki na shiga harkar nan, ba da karatu ba. Wani hutun damina wani mutum ya tsaya bakin shagona a Tasawa, dogo, siriri kamar karan dawa, ya ce in haɗa masa yadi tsanwa mai faɗin bango. Na ce, "Malam, rumfar biki za ka kafa?" Ya ce, "Mutane zan ɓatar." Na ce a'uzubillahi! Da na kai masa aikin a wani ajin lakwal, wato makarantar boko, da aka ara masa, na tarar da ɗalibansa sun zuba wa ordinatar, wato kwamfuta, ido, ga wata yarinya a ciki tana tafiya bisa gajimare. Na nemi benci na zauna, shago ya wuni a rufe.

Mutumin garin Attantane ne. Ya yi shekaru a ƙasashen waje yana aikin da ba a ganin mai yinsa. In ka ga gida ya kama da wuta a fim amma ba wanda ya ƙone, ko mutum biyar sun koma taron kasuwa, to aikin irinsu ne. Sunansa can ƙarshe yake fitowa, lokacin da kowa ya tashi yana neman takalmansa. Duk hutu yakan dawo gida ya koyar. Mushe muke ce masa, wato malam a Faransanci, kamar kowane malamin lakwal, kuma faɗa gare shi, Allah Ya jiƙansa. Sati guda cur bai bar mu mun taɓa na'ura ba, waje yake kora mu kallon inuwa. Mata na wucewa suna cewa, "Ji ɗiyar nan, ta bar ɗinki ta zo gadin inuwar jaki!" Shi kuwa yana ta daka tsawa: "Mutum in ba shi da inuwa aljani ne! Ku ba shi inuwa ya taka ƙasa!"

Dokarsa ta biyu a kan yadin nan take. In ka tsaya gabansa, na'ura tana cinye duk abin da yake tsanwa, ta sa wani hoto a gurbinsa. Don haka kada wanda ya shigo masa da tsanwa, ko a ɗankunne.

To, babana yana ƙauyenmu Hawandawaki, damina uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, bai ga gonarsa ba. Mun yi mun yi a ɗora shi a amalanke, ya rantse ba zai shiga gonar da ya nome da hannunsa a kwance kamar buhu ba. Kullum tambayarsa ɗaya: "Gero ya kai kafaɗa?" Abu guda nake so a duniya, ya ga kansa tsaye cikin geronsa. Na gaya wa Mushe ana gobe zai koma. Ya harare ni, ya ce, "Sai yau kika ga dama? Naɗe yadin!"

Muka hau moto, wato babur, rairayi na ja da mu, yadi na kaɗawa a bayana kamar tuta. Muka biya gona na ɗauko hoton gero, sannan muka kafa yadin a bangon gidanmu. Dabarar ita ce ni da ƙanena, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mu lulluɓe da ragowar yadin mu tallafe Baba, na'ura ta shafe mu. Maƙwabta suka cika tsakar gida suna kallonmu kamar dodanni.

Sai ga Baba an ɗauko shi. Wayyo ni! Babbar rigarsa ta Sallah ya sa, tsanwa shar, daga wuya har idon sawu. An ce masa hoto za a ɗauka, to wa ke shiga hoto da tsumma? Laifina ne, ban aika a gaya masa ba.

Mushe, mai tsawar nan da ke sa mu makyarkyata, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni?" kamar ba shi ba. Ya matso kusa da ni ya raɗa mini, "Gaya mai." Ni? Ɗiyar fari? Mutumin da ko sunana ba ya kamawa, ni zan ce ya tuɓe riga gaban maƙwabta? Na ce, "Kai ka gaya mai, ai kai ne malami." Ya ce, "Ni in tuɓe dattijo? Allah Ya kiyaye!" Ƙanena kuwa tuni ya shige yadi ya yi lamo. Mushe ya ja dogon numfashi ya ce, "Mu ɗauka haka nan. Zan gyara da hannu, ko zai ci mini wata."

Muka ɗaga Baba. Ta cikin yadin na ji ƙasusuwansa, ashe haka ya rame ban sani ba. Ya tsaya kamar tsawon Fatiha ɗaya, sannan ƙafa ta ƙi. Kowa ya san ba za a yi na biyu ba.

Mushe ya zauna gindin itacen bedi yana haɗa hoton, yana kare allon ordinatar da jikinsa, amma ina! Gwaggona ta leƙa ta kafaɗarsa ta kurma ihu: "La'ilaha illallahu! Ina gangar jikin?" Kai ne kawai da farar hula da gemu, sai hannu biyu, suna shawagi bisa gero. Gida ya ɓarke. Wata ta dafa randa don dariya har ta kifar da ita, innata ta cusa mayafi a baki tana hawaye. Ni ma dariyar nake yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san na ɓarar da tsayuwar da ba za ta maimaitu ba.

Baba ya ce, "Ku kawo in gani."

Aka miƙa masa. Ya daɗe yana kallo. Inda ƙirjinsa ya kamata ya kasance, gero ne iska ke kaɗawa. Sai rabin bakinsa mai rai ya fara motsi, ya tuntsire da dariyar da muka shekara uku ba mu ji ba. Ya nuna gefen allo ya ce wa ƙanena, "Kai! Wanga haki fa? Haka kake yi mini noma?"

Mushe ya ce, "Baba, kuskure ne, zan maido maka rigarka."

"Kada ka taɓa," in ji Baba. "Jikin nan ai tun tuni can na bar shi. Yau dai na ga inda yake."

Mushe ya sunkuyar da kai, can ya ce, "To, a bar ni in ƙara abu ɗaya." Ya duƙufa har la'asar.

Baba ya rasu bayan girbin shekarar. Mushe ma ya bi shi, bai ƙara hutu da yawa ba. Yanzu ni ke koyarwa a bayan shago, ni ke kora yara kallon inuwar jaki, har faɗan ma na gada. Ranar farko nakan nuna musu hoton Baba, in bar su su yi dariya har su gaji. Sannan in ce su dubi ƙasa, tsakanin kunyoyi, su ga abin da Mushe ya ƙara. Inuwar mutum ce cikakkiya, wanda yake tsaye da ƙafafunsa biyu, ba mai riƙe da shi.