Mama da ɗan sandan Italiya

Jiya ina shiga gidanmu a Kafanchan na ji Baba yana dariya. Rabona da jin haka tun kafin ya makance.

Na tura masa littafin saurare a waya, labarin wani ɗan sandan ciki a Italiya, amma Turancin mai karatun ya yi masa sauri. Ashe Mama ce ke saurara tana girki, da yamma ta ba shi da Hausa, tana kwaikwayon muryar kowa.

Na ce, "Baba, in nemo wanda ke karantawa a hankali?"

Ya ce, "Kar ki soma! Baturen karatu kawai yake yi. Uwarki kuwa, tare muke bin ɓarawon."

Mama ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ban san wannan baiwar tata ba sai jiya. Ku fa, me kuka gano game da iyayenku a makare?