Hajiyar Jirgi Ba Ta Farka Ba

Ina cikin auna wa wani mutumin garin Ƙarfi irin masara a rumfata da ke kasuwar Malumfashi sai wayata ta yi ƙara. Abokina ne, mai gyaran babur a Funtua. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Alhaji, sai haƙuri. Malam mai wasan jirgi Allah ya yi mashi rasuwa da safen nan. Bayan azahar za a kai shi."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hannuna kuwa bai daina zuba masara ba, har kwanon ya cika tana zuba ƙasa, sai da mai sayen ya riƙe mani hannu. Na rufe rumfa na nufi tasha.

Malam shi ya koyar da ni a aji huɗu da aji biyar na firamaren ƙauyenmu. Karatuna bai yi nisa ba, amma ɗan abin da na riƙe a hannunsa na samu. Da ya yi ritaya ya koma Funtua da zama, ya shiga rubuta wa wani gidan rediyo wasan kwaikwayo, ana sa shi duk Juma'a bayan la'asar. Wasan ya fi shekara goma ana yi. Labarin wasu manoma ne da ruwa ya ɗauke wa duniyarsu gaba ɗaya, suka shiga wani ƙaton jirgi da irin shukarsu da awakinsu, suka ratsa sararin samaniya suna neman wata duniyar da za su yi shuka.

Mai tuƙa jirgin mace ce, dattijuwa mai kaifin baki. Tana da suna a wasan, amma mu Hajiyar jirgi muke ce mata. Wata rana jirgin ya shiga wani duhu, maza suka ruɗe suna salati, sai ta ce, "Mai tsoron duhu ya rufe idonsa, ni ina tuƙi." Kafin wata ya zagayo na ga maganar a rubuce a bayan keke napep biyu. Matata ma ta faɗa mani ita ranar da nake mata surutu kan yadda take tafiyar da gida.

In an gama wasa akan buɗe waya rabin awa masu sauraro su faɗi ra'ayinsu. Ni ban cika fashi ba. Mai gabatarwa har ya gane muryata, da na yi sallama sai ya ce, "To, ga mai iri na Malumfashi, Allah ya sa yau mun tsira."

Gyarana na farko da gaskiyata na yi shi. Mutanen jirgi sun sauka a wata duniya mai jar ƙasa da rana biyu, ruwa ya sauka sau ɗaya, Malam ya sa suka shuka duk irin da suka zo da shi. Na buga na ce ba manomin da zai ɗauko irin da ya rage wa 'yan Adam ya zuba shi duka a ruwan farko. Ruwan farko mayaudari ne, kowa ya sani, ana raba iri biyu a ajiye rabi. Bayan mako biyu sai ga sabon mutum a wasan, mai sayar da iri, mai yawan ƙorafi, wanda ya ɓoye rabin dawar a ƙarƙashin gadonsa. Da shukar farko ta ƙone, dawarsa ce ta ceci jama'a. Duk kasuwa aka san da ni ake. Na yi kwana uku ina shan shayi kyauta. Ina ganin tun daga ranar kaina ya fara kumbura, na ɗauka wasan nan ina da gado a cikinsa.

Shekara uku da suka wuce abin ya sauya. A jirgin akwai akwatunan sanyi da matafiya kan kwanta a ciki su yi barcin shekaru ba tare da sun tsufa ba. Wata Juma'a Hajiyar jirgi ta ce ta gaji, ta shiga ɗaya daga ciki, ta ce a tashe ta in dawa ta fitar da kai. Dawa ta fitar da kai, aka girbe, aka sake shukawa, aka sake girbewa, ba a tashe ta ba. Wasan ya koma wani abu mai sanyi. Sai ka ji wani tsoho a cikin matafiyan ya zo ya zauna kusa da akwatin, ya goge gilashin da hannun riga, yana ba ta labarin akuyar da ta haihu da rumbun da ya tsage. Minti goma ana jin wannan.

Muna da zauren masu sauraro a waya, mu wajen ɗari, daga Dandume har Malumfashi. Can muka fara yi wa Malam ba'a. Wani ya ce Malam ya manta inda ya ajiye mabuɗin akwatin. Wani ya ce a haɗa mashi kuɗin magani ko ƙwaƙwalwa ta dawo. Ni ne na fito da maganar "A tashe ta", kowa ya riƙa rubutawa duk Juma'a. Da hakan bai yi aiki ba sai na buga waya gidan rediyo. Ina tuna abin da na faɗa kalma da kalma, don an naɗi muryar ta yi ta yawo a wayoyi.

Na ce, "Malam ya koyar da ni, ina girmama shi. Amma in rijiya ta ƙafe a daina jefa mata guga. Tsufa ya zo. A karɓi alƙalamin nan a ba yara masu jini a jika."

Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce, "Kai, mai iri, yau ba sauƙi." Na ji daɗin dariyar.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne na san matar Malam ta rasu a wannan shekarar. Na sani. Na yi mashi ta'aziyya ta waya, don lokacin shuka ne, rumfa ba ta barina. Ban taɓa zama na ƙirga na ga cewa mako uku bayan rasuwarta Hajiyar jirgi ta shiga akwati ba.

Sau ɗaya muka haɗu bayan wannan wayar. Ya zo asibiti a Malumfashi, ya biyo ta kasuwa. Ya rame, hularsa ta yi mashi yawa. Na tashi na ba shi kujerata, na durƙusa na gaishe shi, muka yi maganar ruwan bana da tsadar taki. Ya sayi irin alayyafo na ɗan lambun bayan gidansa. Da zai tashi ya dafa kafaɗata.

"Ina jin ka a rediyo," ya ce. "Har yanzu kana ɗaga hannu kafin a gama tambaya."

Ya yi murmushi. Na so in nemi gafararsa, amma maƙwabtan rumfa suna kallo, su ne kuwa suka fi kowa yaba mani wayar nan. Sai na yi dariya na ce, "Malam ke nan." Na ce a raina zan je gida in same shi da Sallah. Sallah ta zo da aikin gona. Na ce sai kaka. Kaka ta zo da kasuwa.

Na samu sallar jana'iza, na ɗauki makara tare da jama'a. Ranar uku na koma gaisuwa. Ina shirin tafiya aka ce babbar 'yarsa tana kirana a soro. Malamar makaranta ce, ta girme ni kaɗan. Ta fito da wani kwali ta ajiye a kan tabarma.

"Kai ne mai iri?"

"Ni ne, Yaya."

"Baba ya ce in ka zo a nuna maka waɗannan."

Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, sun fi hamsin. Na buɗe ɗaya. Rubutun Malam na boko da shuɗin biro, na san shi tun ina yaro. Amma duk inda Hajiyar jirgi za ta yi magana sai hannu ya sauya, ya koma ajami da fensir, ƙanana a jere. Na ɗago na dubi 'yarsa.

"Inna ce," ta ce. "Shi yana rubuta maza da injuna da taurari. In ya zo kan Hajiyar jirgi sai ya bar fili ya miƙa mata littafin. Tana tsintar wake tana yi mashi dariya, ta ce mace ba ta magana haka, kawo nan. Ita ta hana a faɗi sunanta a rediyo."

Ta zaro wani daga ƙasa ta miƙo mani. A wannan babu fensir ko ɗaya. Shafi bayan shafi tsohon nan ne a gefen akwati yana magana, kuma bayan kowace maganarsa Malam ya bar layi uku ko huɗu babu komai.

"Ya gwada," ta ce. "Sai ya rubuta ya karanta da ƙarfi, ya yage. Ya ce ba muryarta ba ce, kuma ba zai sa mata maganar da ba ta faɗa ba."

Na tambaye ta ko ya ji abin da na faɗa a rediyo, alhali na san amsar.

"Muna zaune tare. Ƙanena ya tashi zai kashe rediyon, ya hana shi. Ya ce yaron nan gaskiya ya faɗa, rijiyar ta ƙafe. Bai dai san an binne ta ba ne."

 Na roƙe ta ta yafe mani.

"Ni ba ka yi mani komai ba, Alhaji. Ban taɓa jin ya ambace ka da sharri ba. Amma ba zan ce maka ya ce ya yafe ba, don ban ji ya faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi."

Ta yi gaskiya, kuma na gode mata da ba ta yi mani ƙarya don in ji sanyi ba.

Littafi na ƙarshe rabinsa kawai aka rubuta. A shafin da ya tsaya Malam ya sa cewa tsohon ya goge gilashi, murfin akwatin ya ɗaga, Hajiya ta buɗe ido ta dube shi, ta ce. Daga nan sai farar takarda.

Na roƙi 'yan zaurenmu su goge muryar nan tawa daga wayoyinsu. Wasu sun goge, wasu sun ce ta riga ta yi nisa. Yanzu suna cewa tun da ni na fi kowa sanin wasan, in zauna in ƙarasa shi a kai wa gidan rediyo. Ban ba su amsa ba. Ina yi wa Malam da matarsa addu'a bayan kowace salla. Gafararsa kuwa ban nema ba yana da rai, kuma layin da ya bari a shafin nan har yau babu komai a kansa.