Ranar da Aka Ɗage Asabarin Inna

Mun bar Damagaram da asuba, ana idar da sallah. Ni kam baki ya ƙi rufuwa: ƙanwata ta sauka lafiya, ɗa namiji, haihuwar fari, a gidan Innarmu can wani ƙauye kusa da Bune. Kwana uku na yi ina haɗa kayan barka. Faɗuwa kuma ta zo daidai da zama, don maƙwabciyata likita ce, ta daɗe tana karatu a kan ƙwaƙwalwar jarirai sabbin haihuwa, kuma an tura ta Gure ta koyar da ungozomomi. Ta ce in zo mu tafi a motarsu ta aiki, kat-kat mai shiga yashi. Wa zai ƙi?

Ashe kujerar baya ba tawa ba ce ni kaɗai. Wani ƙaton kwali na tarar an ɗaure shi kamar babban baƙo, ni kuwa aka matse ni a lungu da kwallata a kan cinya. Likita ta ce fitila ce ta jinyar jarirai za a kai asibitin Gure. Na ce fitilar da ta fi ni matsayi a mota, Allah ya sa mata albarka.

Mirya muka wuce gari bai gama wayewa ba, masu lambu na ɗora salad a kan amalanke. A Gidimuni kuwa sai da muka tsaya, don direbanmu ya rantse ba ya wuce raken garin. Gaskiyarsa, zaƙi har kunne, ga araha, dabinon ma bai kai rabin kuɗin na birni ba. Daga Gidigir itatuwa suka fara ja baya, rairayi ya karɓe ƙasa, raƙuma na tsallaka kwalta ba su ko kallon mota.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Gure. Aka sauke fitila, na samu na miƙe ƙafa, muka sha fura da nono mai sanyi, na sayi cuku na ƙara a tsaraba. Likita ta ce aikinta sai gobe, bari ta raka ni ta yi barka. Direba ya rage iskar tayoyi muka faɗa cikin yashi. Jama'a, hanyar Bune ba ta mai cikakken ciki ba ce. Mu hau tudu mu gangara, can ƙasa ga kwari kore shar da goriba da dabino, sai kuma wani tudun.

Muna isa guɗa ta tashi. Na faɗa ɗakin mai jego ko takalmi ban cire da kyau ba. Ɗakin ƙasa ne ba taga, an saki asabari, garwashi na ci a gefe, duhu kamar cikin tulu. Haka muke yi tun kaka da kakanni, jariri ba ya tsallaka dokin ƙofa sai ranar suna. Aka ɗora mini shi a hannu, kwanansa huɗu a duniya. Na yi ta rawa da shi ina kiran shi ɗana.

Inna sai yabonsa take. «Ban taɓa ganin ɗa mai haƙuri irin wannan ba. Ba ya kuka, ba ya damun uwarsa. Nono ma sai an tashe shi.»

Duk muka ce masha Allah. Likita ce kaɗai ba ta ce ba. Ta tambayi ƙanwata sau nawa ya kama nono tun safe, aka ce sau ɗaya, shi ma bai ja da ƙarfi ba. Sai ta durƙusa gaban Inna.

«Inna, ina so in gan shi a hasken rana.»

«A'a ɗiyata. Saura kwana uku suna. Ku na boko komi gaggawa.»

«Ba zai fita ba, Inna. Asabarin kawai za a ɗage, in zauna da shi daga ciki.»

Inna ta yi ta jujjuya maganar, ta rasa inda ta karya al'ada. Da kanta ta naɗe asabarin. Rana ta faɗo a kan yaron. Ɗan da muke ta cewa jawur kamar ubansa, ashe rawaya ne kamar an shafa masa gangamau, har farin idonsa. Likita ta danna goshinsa da yatsa, ta duba ciki, ta buɗe tafin ƙafarsa, nan ma rawaya.

Ta ce shawara ce ta jarirai. Da yawa kan yi ta kaɗan ta wuce, amma in ta sauko har ƙafa, yaro ya yi laushi ya daina tsotso, to tana gab da taɓa ƙwaƙwalwa. In ta taɓa, yaro na iya rasa ji, ko ya tashi wuya bai tsaya ba, kuma ba ta gyaruwa. Shanya shi a rana ba magani ba ne, sai an kai shi asibiti yau.

Ƙanwata ta fashe da kuka. Wata gwaggonmu ta ce a jiƙa saiwa tukuna, a bari a yanka rago. Inna kuwa ta matso kusa da yaron. Ta daɗe tana kallon tafin ƙafar nan, sannan ta karɓi jikanta, ta lulluɓe shi cikin mayafinta, ta yi bismillah ta tsallaka dokin ƙofar. Tun da nake ban taɓa jin ina alfahari da uwata kamar ranar ba.

Kafin la'asar muna Gure. Aka auna jininsa, aka kwance kwalin nan da na yi ta harara, aka rufe wa yaro ido aka kwantar da shi ƙarƙashin wani shuɗin haske. Ungozomomin da suka zo koyo suka kewaye shi, darasinsu ya fara tun kafin ranarsa. A kwana na biyu yaron ya tsala ihun da ya cika ɗakin, ya kama nono kamar mai fushi. Na yi guɗa a cikin asibiti, aka ce in yi a hankali, na ƙara wata. Ranar suna aka yanka rago a ƙauye ba mai suna, ta waya muka ji abin da liman ya raɗa. Likita ta gwada shi ta ce an tare abin a kan lokaci, amma a riƙa kawo shi ana duba jinsa da girmansa.

Na dawo Damagaram a motar haya, jiki duk ciwo, zuciya fari tas. Abin da na koyo, duk inda na je barka zan tambaya ko jariri na tsotso sosai, kuma sai na gan shi a haske kafin in yaba haƙurinsa.

Shekaranjiya Inna ta kira ni. Cikin hira ta ce ta sa magini ya fasa taga a ɗakin nan na masu jego, babba, ta gabas.

Na ce, «Inna, taga kuma?»

Ta ce, «Zafi ya yi yawa bana.»

Na ce haka ne, Inna, zafin ne.