Zuma a Kan Allon Yahudawa

A Kontagora na tashi, tun garin yana da sauran sabunta, kafin Turawa su iso. Ubana baduku ne, daga Kano ya biyo kasuwa ya zauna. Unguwarmu ta baƙi ce. Ga Nufawa a jikin danganmu, Kambari suna shigo da dawa, Fulani suna ratsawa da nono. Tun a nan kunnena ya saba da jin abu ɗaya da suna uku, kowa kuma yana ganin nasa sunan ne na gaskiya.

Idan sanyi ya shigo, bayan an ci tuwo, Kaka Hansai, mahaifiyar ubana, takan sa a hura mata wuta a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Maƙwabciyarmu Inna Kulu, wata Banufiya mai ƙuli-ƙuli, ta taho da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Baba kuwa yakan zauna nesa kaɗan yana murza zaren ɗinki a cinya.

Kaka mace ce da ba ta yarda da abu a karon farko. In aka aiko mata da fura sai ta ɗiga wa kaza, ta jira. In baƙo ya yi sallama da fara'a mai yawa takan ce, "Wannan haƙoransa sun yi yawa." Su ma mutanen unguwa ba su gama yarda da ita ba. Tsohuwar da ke zagin akuya da Larabci, tana cewa ta ga ruwan da ba a hango gaɓarsa, ai dole a yi ƙus-ƙus.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo na manta yawancinsu. Wadda ta zauna mini ita ce wadda takan buɗe da cewa, "Ta yau ba ita ta zo ba, ni na je na same ta. Wanda bai yarda ba ya tafi ya kwanta."

"Ni ban yarda ba," in ji Inna Kulu, "amma wutarki ta fi tawa."

"Zauna. Ke ko Alƙur'ani aka dafa miki sai kin ce a sake." Sai ta juyo wurina. "Kai kuma mai gida, janye ƙafarka daga garwashi. In ka ƙone wa zai riƙe ni?"

Kaka tana da ƙuruciya ta bi mijinta, kakana, cikin ayarin fata da gashin jimina zuwa Tarabulus, da niyyar daga can su wuce Makka. Ba su wuce ba. Zazzaɓi ya kashe shi a bakin teku, ya bar ta da jariri a hannu, wato Baba, wanda sunansa Mamman. Don ta samu na tuwo ta shiga aikin wanke gashin jimina a gidan wani Bayahude, a unguwarsu da ake kira Hara. Ba a daɗe ba matar gidan, Mas'uda, ta haihu, nononta ya ƙafe. Aka miƙa wa Kaka jaririn, Rahamin. Ta shayar da shi a dama, Mamman a hagu.

"A addininmu ɗana ne," in ji ta. "A nasu kuwa ban tambaya ba."

Yaran suka tashi a tabarma ɗaya. Rahamin ya iya Hausa kafin ya iya maganar gidansu, Inna yake ce mata. Ita ce kuma ta kafa musu doka: ba mai kai abu baki sai ya gutsura wa ɗan'uwansa, ko da dabino ɗaya ne.

Da Rahamin ya isa shiga makaranta aka yi shiri. Makarantar ɗaki guda ce a jikin wurin ibadarsu, ta yi ƙasa da hanya sai an sauka matakala, da 'yar taga a sama. Yaran ba su fi cikin tabarma biyu ba. Malaminsu tsoho ne mai tari, da bulalar fata a gefensa. A al'adarsu, ranar farko uba yakan naɗe yaro cikin mayafin ibadarsa, har fuska, ya ɗauke shi ya kai wa malam.

Na taɓa tambayarta me ya sa ake rufe fuskar.

"Sun ce don kada ya ga mugun abu a hanya. Ni kuwa na ce don kada ya gane hanyar gudu."

Rahamin ya yi ta kuka cikin mayafi, ba zai je ba sai da Mamman. Mas'uda ta roƙi Kaka ta rako su, iyakarta bakin ƙofa. Kaka ta riƙo hannun Mamman suka tsaya a matakala. Malam ya ɗauko allo mai baƙaƙensu, ya ɗiga zuma a kan kowane baƙi. Ya karanta, yaro ya maimaita, ya lashe. Uba na murmushi, mata na guɗa. Sai Rahamin ya tuna da doka. Ya sauko daga cinyar malam da allon a hannu, ya nufi ƙofa, ya miƙa wa ɗan'uwansa. Kafin Kaka ta kai hannu, Mamman ya lashe layi guda.

A nan takan gyara itace. Mu duka mu waiwaya mu dubi Baba, babban mutum da gemunsa, kamar za mu ga rubutun a goshinsa.

Sai wanda ya tashi a cikinmu zai gane abin da ya faɗo mata. Mu shan rubutu muke yi. A rubuta, a wanke, a sha, ya shiga jiki ya yi aikin da aka rubuta shi dominsa. To ga ɗanta ya haɗiye rubutun wasu mutane, ba ta san me ya ce ba, an ma haɗa da zuma don ya sauka da daɗi. Guɗa ta tsaya. Ta dubi malamin, ta ga fuskarsa ta yi fari kamar gari.

"Wanda bai yi komai ba, me zai firgita shi?" Haka takan tambaye mu, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

Ta je ƙauyen Hausawa da ke bayan gari ta karɓo rubutu wurin wani malami, amma ba ta faɗa masa dalili ba, don shi ma ba ta yarda da bakinsa ba. Ta ce yaro ne ya ci abin da bai karɓe shi ba. Ta ɗura wa Mamman rubutun, ta bi shi da filasko har ya rame.

"Allah sarki Mamman," in ji Inna Kulu. "Lasa ɗaya, zawo har ƙarshen wata."

Kai Rahamin makaranta kowace safiya aikin Kaka ne. Takan bar Mamman wurin masu wanke gashi, ta kai yaro, sannan ta laɓe ƙarƙashin taga tana saurare. A nan ta tarar ba ita kaɗai ba ce. Uwayen yaran suna wurin, kowace ta fake da cewa wucewa take yi. Wata ta ce malam yana cinye ƙwan da take sa wa ɗanta. Wata kullum sai ta duba tafin ƙafar nata tana neman shatin bulala. Wata ta rantse ɗan attajiri ake zaunarwa wurin haske, nata a lungu. Ita kanta Mas'uda, in yaro ya dawo, sai ta sa shi ya maimaita karatu a gaban kawunsa, don ta tabbatar ba barci malam ya yi ba.

"Malaminsu ne, addininsu ne, ba su yarda da shi ba. Ni ce zan yarda?"

Wata rana sai ga malamin da kansa a tsakar gida, wurin kwatarniyoyin wanki. Ya tsaya gaban 'yar aiki yana tari, ya zaro allon daga cikin riga. Ya ce mata da Larabci babu komai a kai sai baƙaƙe, farkon abin da yaro ke koya. Ya ce ta wanke, ta ƙone, ta yi yadda ta so da shi. Abu ɗaya yake roƙo, kada maganar ta kai kunnen alƙali. In aka ce an ba ɗan Musulmi rubutunsu ya sha, askarawan Turkawa za su rufe ɗakin, kuma ba a ɗakin za su tsaya ba.

"Kin kai ƙara?" in ji ɗaya daga cikinmu.

"Ban kai ba. Akwai ɗana a ɗakin."

"Ashe kin yarda da tsohon ke nan," in ji Inna Kulu.

"Wa ya ce? Na ƙone allon, na zuba tokar a teku, na ci gaba da sa ido."

Abin da ya yanke mata shawara a gida ya faru. Wata yamma ta jiyo murya biyu suna rera karatu a bayan ɗaki. Ta leƙa, ga Rahamin yana ja, Mamman yana amsawa, su biyun suna rangaji. Ta ce a ranta filasko bai fitar ba. Ta nemi madugun ayari mai zuwa Kano ta ce za ta yi musu girki a hanya a bakin kuɗin raƙumi. Haka ta ratso hamada da ɗanta, ta damƙa shi hannun malami a Kano har ya sauke.

"Da na zauna, da yanzu duk kuna can kuna hutun Asabar. Har yau in yana karatu ku dubi yadda yake rangaji. Can ya samo."

"Hansai, wane ɗan makarantar allo ne a garin nan ba ya rangaji?"

"Nasa daban ne." Sai ta watsa garwashi da sanda. "Ta ƙare. Abin da ba ka iya karantawa ba, kada ka lasa."

Na girma na yi yawo. Na bi fataken goro Gwanja, na yi aiki a Ikko, na zauna Hartum a hanyar Makka, daga baya jirgin ruwa ya kai ni Tarabulus ɗin kanta. A can na tabbatar Kaka ba ƙirƙira ta yi ba. Wani Bayahude mai sayar da yadi ya ce mini zumar don yaro ya ji karatu yana da daɗi ne, su ba sa ganin rubutu yana shiga jiki. Da na ba shi labarin ya yi dariya. Ni ban taya shi ba, don da safen nan na sha rubutun tsarin hanya. Duk inda na je kuwa, makarantar mishan ce, ta Larabawa ce, ko ta allo irin tamu, na tarar da ɗaki, da wani baƙo yana sa wa yara magana a baki, da iyaye a waje suna miƙa kunne.

Amma abin da ya sauya mini labarin a gida na ji shi. Na dawo na tarar Kaka ta daɗe da rasuwa, Baba ya tsufa. Na tambaye shi ko yana tuna zumar. Ya ce ko kaɗan. Abin da yake tunawa safiyar tafiya ne. Ta kai Rahamin makaranta kamar kullum, ta gyara masa hula, ta ce za ta zo ɗaukarsa da azahar. Ta koma ta ɗauki ƙunshinta. Hanyar zangon raƙuma ba ta bi ta gefen makarantar, amma sai da ta koma ta can, ta tsaya jikin bangon makarantar har rana ta ɗaga.

Baba ya ce, "Na ce, Inna, mu tafi. Ta ce, yi shiru, ina ware muryarsa."

Wannan ba ta taɓa sa shi cikin labarin ba. A bakin wuta labarin ɗa ɗaya ne da ta ƙwato, alhali da bakinta ta ce biyu ne. Ba zan ce ta yi kuskure ba, ina salla yau cikin addinin da ta ratso yashi da shi a hannu. Sai dai na gane rashin yarda ma biyansa ake yi, ita da ɗa ta biya. Shi ɗan kuwa ba wanda ya tambaye shi. Yanzu da na tsufa nakan daɗe ina tunanin yaron da ya hawo matakala da azahar, ya tsaya a bakin hanya yana kiran Inna da Hausa, a unguwar da babu sauran mai amsa masa da ita.